Kiriku Ya Ci Kasuwa, Dodonmu Yana Barci

 Na ga saƙonninku a kan rubutun watan jiya, har da na bawan Allahn da ya ce wai an saye ni. Allah ya huci zuciyarka ɗan'uwa, ni dai ko kuɗin mai ban gani ba. Wannan watan kuma sai ku yi mini afuwa, domin babu labarin wace jaruma ce za ta amarce, babu na wane jarumi ne ya yi fushi ya bar lokeshin. Maganar yara zan yi, wato ƙannenmu da 'ya'yan yayyenmu, waɗanda sun fi kowa zama a gaban allo a gidajenmu, amma in an zo shirya fim ba mai tunawa da su.

Abin da ya jawo maganar shi ne, da hutun Sallah mun taru a gidanmu na gado, yara sun kai tara a tsakar gida. Bayan isha'i aka ɗauke wuta, wayoyin iyayensu mata kuma tun la'asar suka cinye cajinsu. Nan fa gida ya rikice, wannan ya tsokani wancan, wancan ya fashe da kuka. Sai na ce bari in gwada abin da aka yi mana muna ƙanana. Na sa aka shimfiɗa tabarma, na gyara murya, na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Jama'a, shiru kake ji! Yara tara suka zuba mini ido kamar na yi musu Sinanci. Wata ma waigawa ta yi tana neman abin da na ce ga ta nan. Daga can cikin ɗaki sai muka ji muryar kakarmu ta amsa, "Ta zo mu ji ta," sannan ta bushe da dariya. Na daure na ci gaba, na ce wata rana Gizo da matarsa Ƙoƙi, ban rufe baki ba ɗan yayata ya ɗaga hannu kamar a aji. "Kawu, Gizon nan shi ne Spider-Man?"

Wallahi na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ka duba fa, babu ranar da yaran nan ba sa jin an ambaci yanar gizo, sunan yana bakin kowa, amma mai sunan ba su san shi ba. Da na tambaye su to wane labari suka sani, sai suka haɗa baki: Kiriku! Suka shiga ba ni shi tiryan-tiryan, har da kwaikwayon gudunsa. Kakarmu ta fito tana dogara sanda ta ce, "Maigidan, ai kai ne ɗan jaridar 'yan fim. Je ka tambayi mutanenka me ya sa yaran Hausa suka san ɗan tsirara na wata ƙasa ba su san Gizo ba." Wannan aikin da ta ba ni shi nake ƙoƙarin saukewa a nan.

Bari mu fara da shi Kirikun, don na lura da yawa cikinmu mun kalle shi fiye da sau goma amma ba mu san daga ina ya fito ba. Na taɓa jin ana musu a majalisa, wani yana rantsuwa 'yan Ghana ne suka yi shi. To ba haka ba ne. Sunan fim ɗin na asali Kirikou et la Sorcière, wato Kiriku da Mayya, kuma ya fara fita a sinimomin Faransa a watan Disamba na 1998. Wanda ya rubuta labarin ya kuma ba da umarni wani Bafaranshe ne mai suna Michel Ocelot, wanda aka haifa a 1943. Abin da ya haɗa shi da Afirka shi ne yarinta: iyayensa malaman makaranta ne, ya yi shekarunsa na firamare a Konakiri ta ƙasar Gini. Tushen labarin kuwa a wani tsohon kundin tatsuniyoyin Afirka ta Yamma ya tsinto shi, wanda wani jami'in mulkin mallaka mai suna Equilbecq ya tattara aka fara bugawa a 1913. A ciki ne ya karanta labarin jaririn da ya yi magana tun yana cikin mahaifiyarsa, ya haifi kansa, ya wanke kansa, ya tafi ya kara da mayya.

Ga inda mutumin ya nuna shi marubuci ne. A tatsuniyar asali yaron kashe mayyar yake yi, magana ta ƙare. Shi kuma Ocelot sai ya sa wa yaron tambaya guda a baki, yana yawo da ita daga farkon fim har ƙarshe: me ya sa mayya Karaba take da mugunta? Ya tambayi mahaifiyarsa, ya tambayi dattijon gari mai cika baki a gindin bishiya, ya tambayi ita kanta mayyar ido da ido. Manya duk haushin tambayar suke ji, domin a wurinsu mayya mayya ce kawai, ba a neman dalili. Wannan tambayar ita ce ta sa ya haƙa rami ta ƙarƙashin bukkar mayyar, ya yi arba da bodari, ya yi abota da kurege, ya yi dabarar wucewa da alhudahuda, ya hau gadu kamar doki, har ya isa babban surin da kakansa yake ciki a bayan dutse. A can ya ji gaskiya. Karaba ba ta cinye mazan garin ba, rikiɗa su ta yi suka zama gumakan da ke yi mata bauta. Idon ruwan garin ma ba ita ta ƙafar da shi ba, wata halitta ce ta shige ciki tana ƙarama, ta yi ta shan ruwan har ta zama ƙatuwa, ita kuwa Karaba ta bar mutane da zarginsu don tsoronta ya ƙaru. Ita kanta a cikin azaba take dare da rana, saboda wasu maza sun taɓa danne ta suka soka mata ƙaya mai dafi a gadon baya, inda hannunta ba ya kaiwa, kuma ba ta ciruwa sai da haƙori.

Yaro in ya kalla, ƙaya kawai yake gani. Babba kuwa ya san irin cutar da ake nufi idan aka ce maza sun taru sun danne mace sun bar ta da ciwon da ba ta iya faɗa wa kowa. Fim ɗin bai yi wa kowa lacca ba, bai tsayar da labari wani malam ya fito ya yi nasiha ba. Kiriku dai ya lallaɓa ya cire ƙayar da haƙoransa, ta kurma ihun da ya girgiza daji, sannan duk inda ya bushe ya fara fure. Na kalli wannan fitowar ina ɗan shekara takwas na ji tsoro, na sake kallonta bana na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro.

Yanzu mai karatu tsaya ka yi tunani. Dodon da ya tare ruwa ya hana gari sha, a ina ka taɓa jin wannan? Ai ba sai an je Gini ba. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura har gobe, ana zuwa kallonta, kuma kowane ɗan firamare an ba shi labarin macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a har Bayajida ya zo ya sare kansa. Yadda Kiriku ya fasa cikin halittar nan da ƙarfen da ya yi ja a wuta, haka Auta na tatsuniyarmu ya gasa duwatsu ya jefa wa Dodo a baki lokacin da ya zo tsakar dare yana ruri yana neman wanda ya isa ya amsa masa. Shi ma Auta ɗan mitsitsi ne, shi ma ba ya jin bari, shi ma manya sun raina shi. Bambancin kawai, Kiriku ya samu wanda ya zauna ya zana shi.

Kada a ce na zama ɗan kanzagin Bature, akwai abin da ban so ba a fim ɗin. Na farko maganar tsiraici. Ocelot ya zana matan ƙauyen babu riga, yara kuma tsirara, ya ce haka ƙauyen da yake nufi yake a zamanin da, kuma ya ƙi yarda a rufe su ko da masu rarraba fim a Amurka da Ingila suka yi ta jan ƙafa saboda haka. Hujjarsa ce, amma ni na san gidaje da yawa a nan da aka hana yara kallonsa saboda wannan, kuma ban ga laifin iyayen ba. Na biyu, ƙarshen labarin, inda jariri ya rikiɗa ya zama saurayi nan take ya auri mayyar, har yau bai kwanta mini ba. Sannan ƙauyen nasa ba shi da suna, ba ka san ko Mandinka ne ko Fulani ko wasu ba, Afirka ce kawai dunƙule kamar yadda baƙo ke hango ta daga nesa. Mu da muke ciki mun san tuwon Zazzau ma daban yake da na Katsina.

Amma wahalar da aka sha kafin ya fito ita ce ya kamata 'yan industiri su ji. Sama da shekara huɗu ana aikinsa. Kuɗin sai da aka yi karo-karo tsakanin kamfanonin Faransa da Beljiyam da Luksamburg. Zanen da hannu aka yi shi, a birnin Riga na ƙasar Latbiya da kuma Budafes ta Hangari, mutanen da wataƙila ba su taɓa ganin kuka ko rimi da idonsu ba. Muryoyin kuma darakta ya dage sai an ɗauka a Dakar da 'yan Afirka, don kada jaririn ƙauye ya buɗe baki a ji Faransancin birnin Faris. Kiɗan Youssou N'Dour na Senegal ne ya yi, da kayan gargajiya irin su kora da balafon. Da ya fito ma ba a yi masa wata gagarumar talla ba, ga shi a daidai lokacin Mulan na kamfanin Disney yana cin kasuwa. Iyaye ne suka riƙa gaya wa juna, baki ya kai shi inda fosta ba ta kai ba, har masu kallonsa a sinimomin Faransa suka haura miliyan ɗaya. A 1999 ya ci babbar kyautar bikin finafinan katun na Annecy. Isao Takahata na kamfanin Ghibli da kansa ya tsaya aka juya shi zuwa Japananci. Aka sake yin wasu biyu a 2005 da 2012. Tatsuniya guda ɗaya fa, irin wadda kakarmu take da hamsin a ka.

Da wannan zafin na je ofishin wani furodusa da muke mutunci, ba zan kama suna ba. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, me zai hana a yi wa yara fim ɗin Gizo ko na Auta da Dodo?" Ya kalle ni ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce, "Ɗan jarida ke nan! Yaro yana da kuɗi ne? Wa zai saya? Sannan Dodon da me zan yi shi, da buhu? Ka san nawa ake kashewa a siddabaru na minti ɗaya? In kuma na yi, gobe a ce na koya wa yara tsafi. Kai dai ci gaba da rubutunka." Ya sa aka kawo mini lemo, maganar ta mutu a nan.

Na sha lemon, amma ban yarda ba. Maganar yaro ba shi da kuɗi ta yi daidai a zamanin kaset da faifan CD, lokacin da sai an je kasuwar Ƙofar Wambai ko Bata an zaro kuɗi an saya, kuma matan aure da 'yanmata su ne masu sayen. Wannan kasuwar ta daɗe da rushewa. Yau fim a YouTube yake da tashoshi irin su Arewa24, kuma abin da ake ƙirgawa shi ne sau nawa aka kalla. To wa ya kai yaro maimaita kallo? Babba in ya ga Labarina ko Izzar So na wannan makon ya wuce wurin ke nan, sai na mako mai zuwa. Yaro kuwa abu ɗaya zai kalla sau talatin, ya haddace, ya yi kuka a sake sa masa. Ku duba wayar kowace uwa a unguwarku ku ga abin da ya cinye mata data: katun na Turanci, na Larabci, na Indiya da aka fassara. Masu kallon suna nan, wasu ne dai suke kwashe su.

Maganar tsada kuma, a nan ne nake so in gabatar muku da wani mutum da na tabbata yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, abin kunya, alhali maƙwabcinmu ne. Moustapha Alassane ɗan Jamhuriyar Nijar, an haife shi a 1942, ya rasu a 2015. Makanike ne tun farko. Yana yaro yake yanka kwali yana haska fitila a bayansa yana nuna wa mutanen garinsu wasan inuwa. Daga baya ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sani a wurin Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren katun na wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyarar aiki, yana yi wa masu mulki shaguɓe. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yartsana, yana motsa su kaɗan-kaɗan yana ɗauka. Yana da wani mai suna Kokoa, inda kwaɗi da hawainiya suke kokawa a fage da makaɗa da alƙali, kamar dai yadda ake yi a Nijar. Ya kuma yi Toula, labarin yarinyar da aka ba wa macijin ruwa saboda fari. A garin Tawa ya yi zamansa na ƙarshe, a tsakiyar ƙasar Hausa, yana aikinsa da ɗan abin da ke hannunsa. Mutum ɗaya ya yi wannan tun kafin a haifi iyayen wasunmu, ba kwamfuta, ba janareto mai kirki. Mu da muke da kyamarori na miliyoyi muna cewa sai da buhu?

Kuma ga wani abin mamaki. Ƙasar nan ta Latbiya da aka kai zanen Kiriku, a 2025 wani matashinta mai suna Gints Zilbalodis ya ɗauki kyautar Oscar ta fim ɗin katun da Flow, labarin wata kyanwa da ambaliya ta ci garinsu, ko kalma ɗaya ba a furta a ciki. Da manhajar Blender ya yi shi, wadda kyauta ce, kowa yana iya saukewa. Na san yara a makarantarmu ta kimiyya da fasaha da suke wasa da ita a kwamfutar aro, suna ƙera mota da gida don nishaɗi. Ba wanda ya taɓa kiransu ya ce ga labari, ga ɗan abin sayen data, ku gwada mana Gizo na minti biyar. Shi kansa Ocelot kafin Kiriku da baƙar takarda da almakashi yake finafinansa. A nan gida Najeriya ma Adamu Waziri ya fara Bino and Fino a Abuja tun 2010, kuma a 2024 Disney ta fitar da Iwájú tare da matasan kamfanin Kugali, labarin Legas ta nan gaba. Ana motsawa a ko'ina.

Ba wai ba a taɓa gwadawa a Kannywood ba. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Sarauniya ya yi Daskin Da Riɗi daga tatsuniyar da kowa ya sani, kuma manyanmu har yau suna zancensa. Sai dai ko shi don manya aka yi shi, soyayyar da waƙoƙin su ne a gaba. Abin da ya biyo baya kuwa, duk sanda aljani ko maye ya shigo fim ɗin Hausa, to fim ɗin ban tsoro ne: a shafa wa mutum farar hoda, a sa masa jan ƙyalle, a ƙara wa dariyarsa amsa-kuwwa, ya ɓace ya bayyana a bayan ƙofa, a ƙarshe malam ya zo ya ƙone shi. Tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi. Yaro ba ya samun komai a ciki sai firgita cikin dare.

Alhali ku dubi abin da ke jibge a tatsuniyoyinmu. Ɗauki Ruwan Bagaja, ba littafin Abubakar Imam na gasar 1933 ba, ita tatsuniyar ta 'yar bora da 'yar mowa. Yarinya ta ɗauki ƙirgi za ta wanke, tana tafe tana cin karo da koguna, wannan na tuwo da miya, wancan na nama, wancan na zuma, kowanne yana kiranta ta zo ta ci tana wucewa. Hadari ya taso, ta fake a wata bukka, sai ta tarar da masu gidan: cinya guda, cinyar mutum zalla ba kai ba gangar jiki, da kare. Cinya ta yi gurnani, kare ya fassara. Aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi ɗaya ta dafa, tukunya ta cika. Don Allah wane marubucin Hollywood ne zai zauna ya ƙago cinya mai karɓar baƙi da kare tafinta? Ga Ta-kitse, amaryar da aka yi da kitse, wadda in rana ta taɓa ta sai ta narke. Ga kabewar da ta bi yarinya tana haɗiye awaki da shanu da mutane har sai da rago ya tunkuye ta ta fashe kowa ya fito. Ga saurayin nan kyakkyawa marar tabo da budurwa mai ruwan ido ta zaɓa, suna tafiya yana mayar da kayan aro, har da sassan jiki, sai ga Dodo. J.K. Rowling ma da ta fara Harry Potter a 1997 ai ba ita ta ƙirƙiri yawancin halittun da ke ciki ba, tsuntsun da ke ƙonewa ya tashi daga toka da macijin da kallonsa ke kisa duk tsofaffin almarar Turai ne, ta kakkaɓe su ta sa su a makarantar kwana.

Kuma an rubuta namu, ba a ce sun ɓace ba. Frank Edgar ya buga manyan kundaye uku na tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913, kusan lokaci ɗaya da littafin da aka ciro Kiriku. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya yi Tatsuniyoyi da Wasanni littafi shida da aka karanta a firamare. Dokta Bukar Usman ya tara wasu masu yawa a Taskar Tatsuniyoyi. Marubucin fim da ya ce ba shi da labari sai ya leƙa na Indiya, wallahi lalaci ne kawai.

Saura maganar Alhaji ta uku, wadda ita ce ta fi nauyi, kuma ba zan yi mata dariya ba. Gaskiya ne muna cikin al'ummar da ke sa ido sosai a kan abin da ya shafi aƙida, kuma tun 2001 akwai Hukumar Tace Finafinai a Kano da duk mai shiri yake lissafi da ita. Furodusa yana da hakkin ya ji tsoron asarar kuɗinsa. Sai dai ita tatsuniya ba ta taɓa cewa ita gaskiya ce ba. Mai ba da ita da bakinsa yake rufewa da cewa ƙarya ce ya shara, ya ɗora wa Gizo laifin. Kakanninmu da suka yi ta ba mu labarin Dodo su ne dai suke tashinmu sallar asuba, su kora mu makarantar allo. Magana Jari Ce cike yake da aljanu da tsuntsaye masu magana, an karantar da shi a makarantu shekara da shekaru, har talabijin ta mayar da shi wasa. Yaro ya san kura ba ta magana. Inda za a samu matsala shi ne in an kwaso bori da surkulle na gaske aka cusa da sunan tatsuniya, wannan kuwa ko ni ba zan kai ƙanena ba.

Abin da na fi tsoro ma daban ne. Ina tsoron ranar da za a yi fim ɗin, a mayar da Gizo yaron kirki mai gaida manya, ko a sa ya tuba a fitowa ta ƙarshe yana hawaye. Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, mai tsamin baki da ke kiran sarki "shayki", kuma daɗinsa ke nan. Yara suna son sa ne don ƙaramin da ke juya zaki da giwa da wayo, suna kuma dariya in wayon ya koma kansa. Allah ya jiƙan Rabilu Musa Ibro da ya rasu a 2014, duk sanda na rufe ido na ji muryar Gizo, tasa nake ji. Mowa kuma wa zai yi ta kamar marigayiya Saratu Gidado Daso, wadda muka rasa a 2024? Mun yi sakaci har waɗannan muryoyin sun tafi. Amma akwai wuraren da ni ma zan so a yi irin tambayar Kiriku. Me ya sa kullum kishiyar uwa ce muguwa? Me ya sa sakamakon 'yar mowa marar kunya shi ne ƙwanta ya fashe kutare da makafi su fito, kamar su ne azaba? Akwai yaro makaho da zai saurari fim ɗin nan, me za mu ce masa? Shi Dodo kansa, me ya kai shi bakin rafi yana tare 'yanmata, wa ya taɓa tambayarsa? Marubucin da ya iya amsa wannan ba tare da ya zare wa Dodo haƙora ba, shi nake jira. Kuma ya sani babu wanda ya taɓa ganin Dodo, kowane yaro da irin nasa a ka, wani mai gashi har ƙasa, wani mai wutsiya, wani dogo kamar rimi. Duk wanda ya fara zana shi da kyau, nasa ne zai zauna a kan yaran Hausa shekara hamsin, kamar yadda fuskar Karaba ta zauna.

A daren nan dai kakarmu ce ta karɓe ni. Ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugunne ta ce in matsa, ban iya ba. Ta ɗauko na Gizo da hankaki, yadda suka ara masa gashi ɗai-ɗai ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi, ya riƙa cewa kowane ɓaure nasa ne, har suka fusata suka tsige gashinsu suka bar shi a kan bishiya. Ya faɗo ruwa, ya iske gidan kada, ya fashe da kukan ƙarya wai ya ga dangi. Aka sauke shi a ɗakin da ake ajiye ƙwai. Tana yin muryar Gizo da tsamin bakinsa, yara har da birgima. Ana cikin haka sai ga wuta ta dawo, talabijin ta kama da kanta a falo. Uku suka zabura da gudu. Shida suka tsaya, ƙaramarsu ta riƙe zanen kaka tana cewa, "Hajiya, to ƙwan fa? Ya cinye?"

Washegari na sa wayata a caji ta cika, na zaunar da tsohuwar na ɗauki muryarta, tatsuniya goma sha ɗaya kafin ta ce ta gaji, kuma sai na biya ta da goro. Suna nan a ajiye. In akwai mai zane ko mai Blender a cikinku da yake son ya gwada minti biyar, ya rubuto ta adireshin mujalla, zan tura masa ta Gizo da hankaki. Sauran kuma ku faɗa mini wace tatsuniya kuke so a fara da ita, kuma a cikin 'yan wasanmu masu rai wa kuke ganin zai iya muryar Gizo. Zan buga amsoshinku a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.